Biki da Zango: Yadda Taro Ya Mayar da Baƙi Dangi a Kumasi

Kalmar zango a bakin kakanninmu ba ta nufin gida. Wuri ne da ayari ke sauke kaya idan rana ta yi sanyi, a ɗaure jakuna, a hura wuta, a kwana, gari na wayewa a ɗaura kaya a yi gaba. Ba a dasa bishiya a zango, ba a kuma yin gini mai tushe. Amma ga mu yau a Kumasi, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan matafiya, muna da masallatai da makarantu da maƙabartu da sarauta, kuma har yanzu sunan unguwarmu Zango. Masana tarihi sukan ce goro ne ya kawo mu, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai aikin goro ya tsaya ga kawowa. Abin da ya zaunar da mu, ya ɗinke mu har muka zama jama'a ɗaya, shi ne taro: ɗaurin aure da suna, jana'iza da addu'a, saukar karatu, maulidi da Salla. Yanzu da taron nan ya zama sana'a mai cin kuɗi da kawo kuɗi, ya dace mu waiwaya mu ga inda ya faro, domin mu san abin da za mu riƙe da abin da za mu saki.

Tun ƙarnukan baya fatake ke tasowa daga Kano da Katsina, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su nufo Gwanja. Suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, har da bayi a wancan zamani, su komo da goron kurmin Asante. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya iso Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi a fadar Asantehene Osei Bonsu, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Zuriyarsu ce ake kira Asante Nkramo. Amma a tsakiyar ƙarni na 19 sarakunan Asante sun rufe ƙofar birnin ga fataken arewa, ciniki ya tsaya a Salaga. Daga nan al'amura suka riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya. A 1874 Turawa suka ƙone Kumasi. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, attajirai da malamai suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru wanda ya zauna a Kete Karachi. A 1896 aka kama Prempeh na ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi. Hanya ta buɗe, noman koko ya bunƙasa, mutanen arewa suka kwararo.

Waɗanda suka zo ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosawa da Dagombawa, Wangarawa da Zabarmawa, Yarbawa da Nufawa, Fulani da Barebari, Kotokoli da Busanga da Frafra. Da yawansu samari ne da suka zo su kaɗai, ba uwa ba uba, ba gona ba kangon gado. A ƙasar da suka sauka kuwa, ɗa na bin dangin uwarsa ne, ƙasa kuma tana hannun sarakuna da dangogi. Baƙo ba shi da gurbi a wannan tsari. Abin da ya tarar shi ne maigida, wato mai masauki, wanda ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya yi masa dillanci da tafinta a kasuwa. Ranar da wannan saurayi ya tashi aure, maigidan ne ke zama ubansa. Shi zai kai goron tambaya, shi zai karɓa masa aure, matarsa kuma ta zama uwar ango. Idan aka haihu, ga kaka an samu. Idan rai ya yi halinsa, su ne masu karɓar gaisuwa. Ta haka biki ya ƙera wa mutane dangin da ba su zo da shi ba.

A wajen waɗannan taruka ne Hausa ta zama harshen kowa. Idan ɗan Mosawa ya auri 'yar Zabarmawa, da Hausa sanƙira ke shelar sadaki, da Hausa ake neman jama'a su shaida, da Hausa tsofaffi ke yi wa amarya faɗa. Enid Schildkrout, wadda ta zauna cikin Mosawan Kumasi a shekarun 1960 ta fitar da littafinta People of the Zongo a 1978, ta nuna yadda 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan suka tashi da harshen Hausa da al'adun Zango, ko da ba su manta da sunan ƙabilarsu ba. Taron kuma shi ne takardarmu. Tun 1907 Turawa suka kafa dokar rajistar auren Musulmi, wadda ta nemi a rubuta aure cikin mako guda da ɗaura shi, amma kaɗan ne suka bi ta. Mutanenmu sun dogara da goron da aka raba da idanun da suka gani. Duk wanda ya ci goron ɗaurin aure ya zama shaida, kuma ranar da rigimar gado ta tashi, shi za a nema.

Idan maza ne ke ɗaura aure, mata ne ke riƙe da biki. Magajiya ke shirya mata, alwanka ke kula da amarya tun daga sa lalle har wanka da kai ta ɗakinta. Maƙwabta su kawo tukwane da itace, wasu su tsince shinkafa, wasu su kwana suna tuƙa tuwo. Babu mai biyan kowa, amma babu abin da ake mantawa. A al'adar Hausa kalmar biki ba ta tsaya ga shagali ba, tana kuma nufin gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta, wadda ita kuma za ta ninka idan sha'anin waccan ya tashi. A ci gaba da ninkawa har abin ya yi nauyi, sai a yi shawara a koma ƙasa a sake farawa. Ga adashi kuma a gefe, wanda maƙwabtanmu ke kira susu, ana zubi ana kwasa. Mace mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya takan aurar da 'yarta da rufin asiri, saboda shekara goma tana zuwa bikin mutane. Zumunta a ƙafa take, kuma a Zango ƙafar nan ita ce banki, ita ce inshora.

Manyan taruka su ma sun yi nasu aiki, domin su ne suka nuna wa gari cewa akwai mu. Malam Sallau Bakatsine ya zama Sarkin Zango a 1919, kuma a zamaninsa sarautar ta yi ƙarfi har Turawa suka ba ta kotu, kafin a sauke shi a 1932. Fada kuwa ba ta zama sai da makaɗa da maroƙa da dawaki. Kowace ƙabila ta naɗa sarkinta, kuma ranar Salla ce ake ganin jerinsu, al'adar da ta zama gangarar da muka sani. Zuwan Shehu Ibrahim Inyas Kumasi a 1952 ya ƙara wa maulidi da tarukan zikiri armashi, mutane suka riƙa tafiya gari zuwa gari, daga Kumasi zuwa Prang, daga Tamale zuwa Akra. 'Yan siyasa ba su yi jinkirin gane cewa inda taro yake, nan ƙuri'a take ba. A zaɓen 1954 jam'iyyar Musulmi ta MAP ta sami gindin zama a Zango, kuma a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar ta hanyar dokar da aka yi musamman dominsu. Tun daga lokacin har yau, rumfar biki ba ta rabu da baƙuncin masu neman kujera ba.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubban mutane suka tattara abin da suka iya ɗauka suka nufi Najeriya da Nijar da Togo da Volta ta Sama, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. An yi asarar gidaje da shaguna, wannan kowa ya sani. Asarar da ba a cika faɗa ba ita ce ta bashin zumunta. Matar da ta shekara ashirin tana kai gudummawa ta wayi gari ƙawayenta sun watse, adashi ya mutu a tsakiya, an bar baiko ba a ɗaura aure ba. Duk da haka, waɗanda suka rage da irin tsarin nan suka sake tashi. Suna da aure ba su tsaya ba, kuma da su aka ɗinke ɓarakar.

Sauyin da ya mayar da biki kasuwa ya zo ne a hankali. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta haura shekara biyu, ta karya ƙungiyoyin makaɗa a duk faɗin ƙasar. Da abin ya lafa, sai masu kiɗan na'ura da muke kira sifina suka cike gurbin, mutum biyu da lasifika su yi abin da ƙungiya guda ke yi. A gefe guda muna kallon maƙwabtanmu Asantawa, waɗanda jana'izarsu ta ranar Asabar ta daɗe da zama babban sha'ani, da kanofi da kujerun haya da teburin karɓar gudummawar da suke kira nsawa, ana rubutawa ana shelantawa. Masu ba su haya ranar Asabar su ne suka fara ba mu ranar Lahadi. Sai mai bidiyo ya shigo, sai waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye filin rawa. A tsakiyar shekarun 1990 aka sa Salla ƙarama da babba cikin ranakun hutu na ƙasa, shagalinsu ya ƙara faɗi. Daga baya wayar hannu ta zo, katin gayyata ya koma WhatsApp, gudummawa ta koma Momo, hoton amarya kuma ya isa Jamus da Amurka kafin a kai ta ɗakinta.

Adalci ne mu faɗi alherin wannan sauyi. Biki ɗaya a Aboabo ko Sabon Zango ko Asawase ko Sawaba yana ciyar da gidaje da yawa. Mai atamfa da leshi a kasuwar Kejetia ya samu, tela da mai surfani sun samu. Mai lalle, mai kitso, mai kwalliya, mai ɗaurin kallabi, mai ƙawata wuri, mai hoto, mai janareta, mahauci, mai goro, mai buga kalanda, direba da yaran da ke loda kujeru, duk sun samu. A unguwannin da aikin gwamnati da na kamfani ya yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga 'yan mata da zawarawa da suka mayar da hannunsu jari. Ta tukunyar Zango kuma muka ba ƙasa abin da take ci. Waakye da kowa ke layi a kai daga kalmarmu ta wake ya samo suna, tuwon zafi ya shiga kowane gidan abinci, koko da ƙosai sun zama karin kumallon Akra da Takoradi. Matan da suka ƙware a dafa wa mutum ɗari biyar a tsakar gida su ne malaman masu sana'ar girki na yau.

Amma akwai abin da ya canja a ƙarƙashi wanda ido bai cika gani ba. A dā nauyin biki yana warwatse a kan unguwa: wannan ta kawo aiki, wancan ya kawo tabarma. Yau duk abin da maƙwabci ke yi kyauta an sa masa farashi, kuma gida ɗaya ne ke biya. Taro ya ƙaru, amma hannayen da ke ɗaukar jinka sun ragu. Kwanakin biki sun yawaita, kowace rana da kayanta. Yayi, wanda asalinsa alamar haɗin kai ne, ya zama haraji, har mace takan ƙi zuwa bikin 'yar ɗakinsu don ba ta da kuɗin yadi. Lefe ya zama abin nuni ga duniya, ana buɗe akwati gaban kyamara. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, sidi ya faɗi, kuɗin shinkafa da mai da atamfa suka tashi, amma idon mutane bai sauko ba. Sakamakon muna ganinsa: samari masu sana'a suna jinkirta aure shekara da shekaru, iyaye mata suna cin jarinsu, amarya da ango suna shiga ɗaki da bashi tun kafin su san halin juna. Hatta addu'ar uku da bakwai da arba'in, wadda aka kafa don a taya mamaci roƙo a kuma rage wa iyalinsa nauyi, takan bar marayu da kuɗin kanofi a wuya.

Nauyi na biyu unguwa ce ke ɗaukarsa. Gidajenmu na haya ne, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ba ta ɗaukar taron yau, saboda haka titi ya zama zaure. A toshe hanya tun safe, mai mota ya zagaya, marar lafiya ya jira. Lasifika ta kwana tana ruri kusa da ɗakin tsoho da na ɗalibi mai jarrabawa. Da can a faranti ɗaya ake ci, a wanke a mayar wa mai shi, waakye kuma a ganye ake ƙunshe shi. Yau kowane baƙo da robarsa da cokalinsa da ledar ruwansa, kuma idan taro ya watse kwata ce ke karɓar su. Daga kwata sai rafin Aboabo da Subin, idan damina ta sauka ruwa ya rasa hanya ya dawo mana da su har cikin ɗaki. Mu ne masu bikin, mu ne kuma masu kwashe ruwa da bokiti.

Annobar korona ta nuna mana fuska biyu ta wannan al'amari. Ranar 15 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya hana taruka, aka rufe masallatai, aka taƙaita jana'iza ga mutum 25, kuma daga 30 ga wata aka kulle Kumasi da Akra mako uku. An yi ƙaramar Salla ba tare da filin idi ba. A watannin nan an ɗaura aure da waliyyi da shaidu da ɗan goro, kuma auren ya ɗauru. Wannan ya tabbatar da cewa yawancin abin da muke kira dole, ado ne. Sai dai a watannin nan ne kuma mai kujeru da mai hoto da mai girki suka zauna hannu rabbana, ba ajiya ba ƙungiyar da za ta tallafe su. Duk mai cewa a soke shagali baki ɗaya, ya tuna da su. Ya kuma tuna da kaɗaicin gidan da aka yi rasuwa ba mai shigowa gaisuwa.

To ina mafita? Tarihi ya nuna doka daga sama ba ta cika cin nasara a nan ba. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta ƙayyade kuɗin aure, amma mutane suka ci gaba da abinsu a bayan ƙofa, domin kyautar biki magana ce ta mutunci, ba a aika ɗan sanda ya auna ta. A Kano hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa a taro ɗaya tun 2012, kuma a 2023 an ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure lokaci guda da kuɗin gwamnatin jiha. Mu ba mu da gwamnatin jiha da za ta yi mana haka. Abin da muke da shi shi ne abin da muka zo da shi: sarakunan ƙabilu, limamai, magajiyoyi da ƙungiyoyin matasa. Yarjejeniyar da za ta yi aiki sai an ƙulla ta da mata, domin su ne ke riƙe da lissafin, kuma sai masu hali sun fara. Talaka ba ya iya rage biki, don za a ce rashi ne. Ranar da Alhaji mai gidaje ya aurar da 'yarsa a kwana biyu da yayi ɗaya, ya sauke wa unguwa kaya.

Sauran gyare-gyaren ba su fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin unguwa da na masallaci za su iya mallakar kujeru da rumfuna da manyan tukwane da faranti, su ba mambobi a kan kuɗi kaɗan, ribar ta tafi asusun marayu. Masu sana'ar biki su haɗa kai su yi ƙungiya mai adashinta, su ɗauki yara koyon aiki da tsari, su kuma nemi rabonsu a Asusun Raya Zango da majalisa ta kafa a 2017. Kuɗin shara ya shiga lissafin biki tun farko kamar kuɗin nama, kada a kwance kanofi sai an share titi. A tsayar da lokacin kashe lasifika. A haɗa goron shaida da takardar rajista, domin shaidun yau suna warwatse a ƙasashe, kuma kotu takarda take tambaya. Sannan masu kyamarar da ke bin amarya su juya ta wani lokaci wajen tsofaffin maroƙa da alwankoki, waɗanda ke riƙe da salsalar gidaje a ka: wa ya zo daga ina, wa ya sauke shi, wa ya aurar da shi. Kowace tsohuwa da muka binne ba a naɗi muryarta ba, da wani ɓangare na tarihin Zango ta tafi.

Babban Masallacin Kumasi da aka sabunta aka buɗe a 2023, tare da halartar Otumfuo Osei Tutu na biyu, shaida ne cewa an daɗe da daina yi mana kallon masu wucewa. Kakanninmu sun sami wannan matsayi ne da fatauci da karatu, da kuma halin zuwa sha'anin juna ko da hannu wofi. Ma'aunin biki a wurinsu shi ne mutum nawa ya ƙara maka a dangi. Idan sana'ar biki ta ci gaba da yi wa wannan manufa hidima, za ta daɗe, 'ya'yanmu su ci abinci a cikinta. Idan kuwa ta kai inda talaka ke jin kunyar gayyata, maƙwabci ke jin tsoron amsawa, to ta sare reshen da take zaune a kai. Allah Ya ba mu ikon yin daidai ruwa daidai tsaki, Ya albarkaci aurarrakinmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka mayar da zango gida.